Ranar da muka jefa wa firjo ƙuri'a

Shekarun baya, lokacin da siyasa ta shigo kowa ya zama ɗan majalisa a bakin ƙofarsa, ina da ɗan shago a unguwar Zariya ta Maraɗi. Kwantar wuta, wato mita, ɗaya ce tak a layinmu, a bangona take. Gida biyar ke jan waya daga gare ni, in takardar wuta ta zo mu raba bisa yawan ƙwan fitilar kowane gida. Ni kuwa har wani hura hanci nake, kai ka ce ni na ƙera wutar.

Cikinmu akwai ƙawar mahaifiyata, mutuniyar Jiratawa. Mijinta malamin lakwal ne, wato makarantar boko, wata da watanni ba albashi. Tsohuwar firjo gare ta, tana ɗaura ƙanƙara da lamurje, da ita gidan ke cin tuwo.

Bayan an karya darajar sefa, wata takarda ta zo da ta sa na zauna ban shirya ba. Na tara maƙwabta, wai za mu yi dimokuraɗiyya. Abokina tela ya miƙe ya ce, "Mu ƙwan hitila gare mu. Wa ka shan wutar in ba mai firjo ba?"

Ta ce, "Ɗana, firjon ga shekara nawa tana nan? Mi ya sa sai yanzu?"

Sai na kawo shawarar a datse wayarta. Na ce a ɗaga hannu. Aka ɗaga, ni ma na ɗaga, na hau benci na datse wayarta tana tsaye tana kallona.

Wata na gaba takarda ta dawo, ta fi ta baya. Na tafi ofishin wuta a fusace. Mutumin da ke bayan tebur ko ɗago kai bai yi ba, ya ce ai farashi ne ya tashi, kuma zai ƙara tashi. Haka kawai! Su ƙara kuɗi a zaune cikin sanyin fanka, su bar talakawa suna cin naman juna a layi.

Kafin nan ta sayar da firjon, ta kwashe yara ta koma Jiratawa. Na hau babur na bi ta, na durƙusa, na ce ta dawo in mayar mata da wayarta.

Ta ce, "In sa mi a jikinta, ɗana?"

Har yau in na ji an ƙara kuɗin wuta ko na gas, raina ɓaci yake, kuma ba na ɓoyewa. Haushin masu ƙarin nake ji, amma haushin kaina ya fi. Su ba su san ta ba. Ni kuwa ta goya ni.