Anzar da Muka Jiƙa a Kan Dutse

Shekarar da damina ta yi mana rowa, Turawa ba su wuce shekara goma da zama a ƙasar ba. Ƙauyenmu yana gefen Maruda, a ƙasar Gwandu. Gero ya fito ya kai gwiwa, ya tsaya, rana ta bi ta kansa ta ƙone shi. Kafin bazara ta shigo mun cinye abin da ke cikin rumbu, mun share ƙasansa da tsintsiya, mun koma dakan ƙaiƙayi. Uwar mijina ta rasu a cikin wannan hali, ana cewa tari ne, amma kowa ya san abin da ya kashe ta.

Ita ce take riƙon 'yata tun daga yaye. Yarinyar 'yar fari ce, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana gidan. Da tsohuwar ta rasu sai yarinyar ta dawo hannuna tana da shekara huɗu, tana kirana Yaya kamar yadda ta ji ƙannena suna yi. Ina sonta kamar raina, amma ban san yadda ake nuna hakan ba, babu kuma wanda ya taɓa koya mini.

Da abin ya kai maƙura, gidaje bakwai na danginmu suka yanke shawarar tafiya neman anza. Yaran yanzu ba su san ta ba, Allah kuma ya sa kada su sani. Wani ɗan itace ne da ke fita a kan tsauni inda komai ya ƙi fita, yana yin 'ya'ya ƙanana masu ƙwaya kore a ciki. Ƙwayar tana riƙe ciki kamar wake, amma ɗacinta ya fi na maɗaci, kuma dafi ne. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya mata ruwa kafin ta ciwu. Ta kusa da mu an riga an tsince, sai aka ce akwai ta jingim a duwatsun da ke wajen Kalgo. Tafiyar kwana biyu ce, mu muka yi ta a huɗu.

Yayan mijina shi ne babba a tafiyar. Da muka hango garin da gulbi a bayansa, sai ya karkata da mu hagu, muka hau wani dutse mai faɗin kai, jan marmara ko'ina, babu inuwar da akuya za ta fake. Wani daga cikin mazan ya ce ai gara mu sauka kusa da ruwa. Yayan mijina ya juyo ya dube shi.

"Ni da nike kawo hatsi kasuwag ga bisa jakkai, a gan ni da kwandon anza?" in ji shi. "Ɗiyata na aure cikin garin ga. Ba mu sauka. Nan za mu zamna, mu yi abin da yak kawo mu, mu koma ba wanda yas sani."

Kada kuma a ce shi kaɗai ne mai wannan ra'ayi. Dukanmu mun ji daɗi da ya faɗa, har da ni. Mu manoma ne masu rumbu, cin anza a wurinmu tonon asiri ne.

Muka yanko rassan sabara muka lanƙwasa, muka tokare gindinsu da duwatsu don ƙasar ba ta haƙuwa, muka rufa musu tsofaffin tabarmi da fatun shanun da suka mutu mana. Bukka bakwai, kowace sai da rarrafe ake shiga. Da rana fatun suna ɗaukar zafi suna wari, mutum ya rasa ko ciki ya fi ko waje. Murhu ɗaya muka kafa a tsakiya, muka jera tukwane biyar a gefensa. Kwana biyu muna tsinkar anza, muna sussuka ta a turmin da muka ɗauko, muna sheƙewa. Ranar da muka zuba ta cikin tukwane muka tsiyaya mata ruwan farko, har guɗa wata ta yi.

Gwaggon mijina ce mai kula da tukwanen, don ita kaɗai ta taɓa cin anza, a wata yunwa da aka yi tana budurwa. Ta ce ta ga gida guda da suka yi gaggawa suka dafa tasu tana da sauran ɗaci, aka wayi gari ana fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka kowace safiya sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗora a harshe, ta tauna da haƙoran gaba, mu kuma mun zagaye ta muna kallon bakinta. Sai ta tofar.

"Da saura," ta ce. "Ku zubas, ku sake mata ruwa."

Ruwan shi ne wahalar. Yana can ƙasa, a wani reshen gulbi da ke bi ta bayan gari, mu kuma ba ma zuwa mashayar mutane, sai mu zaga can nesa inda muke zaton ba kowa. Mace mai yunwa ta ɗauki tulu ta hau dutse, sau ɗaya ma aiki ne. Ya kamata a sauya wa tukwanen ruwa safe da yamma, mu sau ɗaya muke iyawa, shi ma rabi-rabi, don dole a rage na sha. Gwaggo ta ce da ruwa isasshe kwana biyar ne ko shida. Da irin namu, ta ce, sai yadda Allah ya yi.

Kafin nan muna cin abin da ya samu. Maza suna tonon gidan tururuwa su samo ɗan tsabar ciyawa, wata rana su kamo gafiya, a raba wa mutum talatin. Mu mata muna dafa ganye muna tsotsar ƙaro. Cikin babba yana jure wannan. Na yarinyata ya ƙi. Duk abin da ta haɗiya sai ya dawo ko ya wuce, ƙafafunta suka fara kumbura, gashinta ya yi ja. Ba ta kuka, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Sai ta rarrafo ta zauna kusa da tukwane, ta ɗora hannu a kan murfin ɗaya, in na zo wucewa ta ɗago kai.

"Yaya, ta yi?"

"Gobe," nake cewa, ba tare da na tsaya ba, don akwai idanun mutane.

Sauran matan suna ɗaukar nasu yaran suna jijjigawa, suna cewa a ƙara wa wane romo, wance ba ta da lafiya. Ni ba ni da bakin faɗin haka. Matar ƙanen mijina takan tuna da ita wani lokaci ta miƙa mata ludayi, amma tana da nata uku. Mijina yana gani, shi ma 'yar farinsa ce, shi ma bakinsa a ɗaure. Mu biyu muna kwana da ita a bukka ɗaya, muna jin numfashinta, ba wanda ya ce wa wani uffan. In na tuna wannan yau sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar da anza ta cika kwana biyar a ruwa, na sauka ɗiba ni kaɗai da hantsi, don sauran sun riga ni. A inda muke ɗiban na tarar da wata dattijuwa, matar masunta, tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa. Akwai turaku kafe a inda ruwan ke gudu, an ɗaura musu kwanduna an danne da duwatsu. Na ɗauka tarkon kifi ne. Na gaishe ta a gurguje na juya baya ina cika tulu.

"Sannu, ɗiyata," ta ce. "Ku na baƙin da anka ce sun zamna bisa dutse? Mi ku ka yi da ruwa haka, kullum tulu bisa tulu?"

Babu gatse a muryarta, tambaya ce kawai ta mai son sani. Saura kaɗan in faɗa mata gaskiya. Sai na tuna fuskar yayan mijina, na tuna 'yarsa da ke aure a garin, na ga matan Kalgo suna nuna mu da baki a kasuwa.

"Hwata mu ka jiƙa, inna," na ce. "Mazanmu majema na."

Ku ji fa. Na gwammace a kira mu majema, sana'ar da a ƙauyenmu ko aure ba ma ba su, da in ce yunwa muke ji. Ta dube ni, ta dubi wuyan hannuna, ta ce Allah ya taimaka. Ta kama mini tulun na ɗora, na hau dutse ina jin na yi abin kirki, na rufa wa dangi asiri.

Kwana na shida gwaggo ta tofar. Na bakwai ta daɗe tana taunawa, sai ta girgiza kai. A ranar yarinyar ba ta iya fitowa wurin tukwane ba. Na shiga bukka da tsakar rana na sa ta a cinyata, karo na farko da na yi haka ido na ganin ido, don ƙofar a buɗe take, kuma ban damu ba. Ba ta da nauyin kaza. Na yi tunanin in saci ƙwaya goma in tauna mata, na tuna gidan da gwaggo ta ba da labari, na fasa.

Yarinyar ta rasu a kwana na takwas, bayan la'asar. Ƙasar ta ƙi haƙuwa, sai maza suka sami wani tsagi a cikin marmara suka sa ta, suka jera duwatsu a kai saboda kuraye. Ban yi kuka ba, uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban surukai. Matan suka ce na yi haƙuri irin na manya.

Washegari gwaggo ta tauna, ta haɗiye, ta ce alhamdu lillahi. Aka dafa, aka sa ɗan gishirin da ya rage. Zan faɗi gaskiya, na ci. Na cinye rabona tas, na lashe ƙwaryar, cikina kuma ya karɓa. Ban taɓa ƙin kaina ba kamar a wannan rana.

Aka zuba sabuwar anza a tukwane, aka koma ɗiban ruwa. Da gari ya waye na sauka, na sake tarar da dattijuwar a wurin turakunta. Ta ce ina fatun, sun jiƙu? Ban san lokacin da na zauna a bakin ruwan ba. Na ce mata babu wata fata, anza ce, kuma ɗiyata ta mutu shekaranjiya tana jiran ta.

Dattijuwar ta shiga ruwa ta ɗaga dutse daga kan kwando ɗaya, ta jawo shi ta ajiye a gabana. Anza ce cike, ta yi fari tas. Ta ɗebo ta miƙo mini, na tauna, babu ɗaci ko na misali.

"Mu ma ita mu ka ci, ɗiyata," ta ce. "Garin ga duka ita a ka ci, har gidan masu sarauta. Ruwa mai gudu shi ka wanke ta. Kwana biyu ta ka yi." Sannan ta tambaya, "Ran da nig gane ki, taku ta kwana nawa cikin ruwa?"

Na ce biyar.

"Wayyo," ta ce. "Da kwana guda ya ishe ta."

Na san abin da malamai suke faɗa, na kuma yarda da shi, rai ba ya wuce ajalinsa. Wataƙila ko da ta ci a kwana na shida cikinta ba zai riƙe ba. Na faɗa wa kaina wannan ya fi sau dubu, bai taɓa sa ni barci ba.

Na hau dutse ba tulu, na tsaya a tsakiyar zango na faɗi abin da na gani da murya sama, a gaban yayan mijina, ban ko rusuna ba. Ya sunkuyar da kai. A ranar muka kwashe tukwane muka juye cikin kwanduna, dattijuwar ta ba mu aron turaku. Bayan kwana biyu muka ci, daga nan ba mu ƙara kwana da yunwa irin ta da ba. Muka zauna a kan dutsen har ruwan farko ya sauka, sannan muka kwance bukkoki muka kama hanyar gida. Yara goma sha ɗaya muka hau da su, goma suka sauko.

Tun daga nan aka ɗora mini suna a dangi. In ana labarin shekarar, sai a ce wance ce ta cece mu, ita ta yi ƙarfin halin tambaya. Yaran nan goma sun girma sun yi jikoki, har yau in Salla ta zo suna aiko mini da goro da turmin zane, suna durƙusawa suna godiya. Ina karɓa, ina sa musu albarka. Mijina ya yi shekara talatin da wani abu bayan nan, yana faɗa wa baƙi wannan labari da alfahari, ni ina tsakar gida ina ji. Ya rasu ban gaya masa cewa matar ta riga ta tambaye ni ba, tun yarinyar tana iya rarrafowa wurin tukwane.