Yunwar Baba Nuhu a Bakin Teku

Duk direban da motarsa ta taɓa lalacewa a hanyar Lambara ya san zauren Baba Nuhu. Gidansa ne na farko idan ka sauka daga titi, kuma ɗabi'ar da ya gada wurin mahaifinsa ita ce baƙo ba ya wuce ƙofar nan da yunwa. Gero yake nomawa da damina, albasa da rani, amma ba da noma aka san shi ba. Malaman makaranta da aka turo daga Bodinga, ma'aikatan asibiti sababbin zuwa, fataken awaki masu jiran mota, duk sun ci tuwon matarsa Hadizatu. Ita kam ta daɗe da daina tambayar mutum nawa za a dafa wa, ƙara gari kawai take yi.

Baƙunci a wurin Baba Nuhu ilimi ne, kuma shi ne shehinsa. Yana cewa baƙon kirki ba ya tambayar abinci. In an yi masa tayi sai ya ce ya ƙoshi, aikin mai gida ne ya matsa masa har ya ci. Wanda kuwa ya ɓoye guzurinsa a jaka, ko ya saci jiki ya je ya ci a waje, to ya zagi mai masaukinsa. Yara sun haddace wannan karatu don yawan jin sa. Amma yau in ka zauna a zauren, shi da bakinsa zai ba ka labarin yadda karatun nan ya kusa kai shi lahira a ƙasar da ba a san shi ba, yana ba ka yana dariya har hularsa ta karkace.

Mafarin abin ɗansa ne, Zayyanu. Ya bi motar albasa zuwa Ikko shekarun baya, ya zauna can. Yana kira, yana aiko da abin da ya sawwaƙa, amma duk lokacin da uban ya ce zai zo ya ga inda yake, sai yaron ya kawo wani uzuri. Tukur, abokin wasan Baba Nuhu tun suna kiwon awaki, shi ya zuba gishiri a miki.

"Nuhu, ba ka gane ba?" in ji shi. "Yaron ga ya zama ɗan birni. Kunya shika ji a ga ubanai da kaushi ga ƙahwa."

Baba Nuhu ya yi dariya a gaban mutane, amma maganar ta tsaya masa a rai. Bayan an kwashe albasa sai ya naɗe tabarmarsa, Hadizatu ta ɗaure masa tsaraba, ya hau mota. Abu ɗaya ya kai shi: ya gani da idonsa ko ɗansa ya yada shi.

Zayyanu ya tarbe shi a tasha, ya durƙusa har ƙasa, ya karɓi kaya. Uban yana jiran a ce ga hanyar gida, sai ya ga an sake tura shi cikin wata motar. Suka yi ta tafiya cikin cunkoso har gwiwoyinsa suka sage, sannan suka sauka a wani gari wai shi Badagiri, suka ƙara gaba kaɗan zuwa bakin ruwa.

"Baba, ai ka daɗe kana son ganin teku," Zayyanu ya ce, idonsa a ƙasa. "Na kama maka ɗaki nan. Wurin da sauƙi, kuma da iska."

Otal! A Lambara in aka ce an ga mutum a otal, to maganar ta kai gaban mai gari. Ginin bene ne mai hawa ɗaya, fentinsa ya ɓaɓɓake, gishirin iska ya cinye ƙarfen tagogi. A ɗakin akwai gado mai katifa, da bokiti, da fanka mai kuka kamar ɗan akuyar da aka raba da uwa. Zayyanu ya ajiye kayan, ya ce akwai motar da za a sauke a kasuwa, sai jibi zai dawo, ya fice da sauri. Baba Nuhu ya tsaya a tsakar ɗaki zuciyarsa ta yi baƙi. Ashe Tukur bai yi ƙarya ba. Shi da ya saukar da rabin ƙasar Shagari a zaurensa, yau ɗan cikinsa ya kawo shi bayan gari ya ɓoye.

Amma mutum ba ya barin halinsa a gida. Tun da an sauke shi a nan, to akwai mai masauki, kuma dole a ba ta haƙƙinta. Mai wurin wata dattijuwa ce mai jiki, ana kiranta Mama Senami, tana jin 'yar Hausar kasuwa. Baba Nuhu ya sauko da rabin buhun albasa, da kilishi, da daddawa, da ƙullin kuka, ya jera a gabanta. Ya tuna da ƙuliƙuli da dabinon da suka rage na guzurinsa, ya koma ya kwaso su ma, don kada a ce ya yi shakkar tukunyar gidan. Ya gaishe ta da gida, da aiki, da iyali, da gajiya, ita kuwa tana ta kallon sa baki buɗe, don tun da ta buɗe otal ba a taɓa yi mata tsaraba ba.

"Baba, kana so abinci?" ta tambaye shi.

"A'a, alhamdu lillahi, na ƙoshi," ya ce, yadda ya kamata.

Ta ce to, ta kwashe kayan ta shige.

Ya koma sama ya shimfiɗa tabarma, don bai yarda da gadon da bai san wa ya kwanta a kai ba. Ya wanke hannu ya zauna. Mabuɗin da aka ba shi ya ajiye a kan taga, ƙofa kuwa ya bar ta a buɗe: wa ke kulle ɗaki a gidan mai masauki, sai ka ce ya sauka gidan ɓarayi? Kuma ta ina za a shigo da kwano? Bai daɗe ba ƙanshi ya taso daga ƙasa. Albasarsa ce, ya gane ta, ta fadamarsa, ana soya ta da kifi. Ya gyara zama. Ya ji takun ƙafa a matakala, ya yi gyaran murya, ya shirya cewa da ba a wahala ba. Takun ya wuce zuwa ɗakin gaba. Haka ya kwana da goro a ciki.

Da safe ta sake tambayarsa, ya sake cewa ya ƙoshi, ta sake cewa to. Wannan "to" ɗin, in ji shi, bai taɓa jin kalma mai rashin imani irinta ba. Zayyanu ya kira a waya yana tambayar ko yana cin abinci. To, baƙo yana kai ƙarar mai masauki? Ya ce komai lafiya lau, sai godiya.

Don ya ɗauke hankalinsa ya tafi ganin tekun. Ya tsaya a kan yashi iska tana fizgar rigarsa, yana kallon ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar, yana tasowa da ruri yana komawa. Ya yi tasbihi, don abin ya cancanci tasbihi. Sai ya tuna yadda matan ƙauyen Horo Birni, can wajensu, ke jan guga har hannu ya yi kanta, ga shi nan an zubar da wannan duka ba mai ban ruwa da shi. Ya ɗiba ya kai baki, ya tofar. Ko ruwan garin ma ba ya karɓar baƙo. Mutanen birni sun zo hutu, maza da gajeren wando, suna kwance a rana kamar an shanya barkono, ba wanda ya sa su. A gefe mata na gasa kifi, wani yana sare kwakwa, wata na soya doya. Kuɗi na aljihunsa, amma ya kau da kai ya wuce, yana haɗiyar yawu da mutunci. In Mama Senami ta ji baƙonta ya ci a waje, da wane ido zai dube ta?

Ranar ta wuce da ruwan leda da sauran goro. Washegari da hantsi ya sauko zai yi alwala, sai matakalar ta fara juyawa. Ya zauna a kai ya riƙe ƙarfe. Nan Mama Senami ta same shi, leɓɓansa sun bushe, ta saki tsintsiya.

"Baba! Ciwo ne? Ko azumi ne kana yi?"

Ya so ya ce lafiya lau, amma cikinsa ya riga shi magana, da ƙara kuwa. Daga nan asiri ya tonu. Da ta gane tun ranar da ya zo bai sa komai a baki ba, kuma ita yake jira, sai ta ɗora hannu a ka.

"Ni na tambaya ka! Ka ce ka ƙoshi!"

"To ai haka a ka cewa," ya ce a raunane. "Ke ya kamata ki matsa."

"Ni na ce ko ba ka so abincin mu ne. Nan otal ne, Baba. In ka ce kawo, a kawo. In ka ce a'a, shi ke nan."

Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta tafi ta dawo da shinkafa da miya da kifi rabin faranti. Shehin baƙunci bai ko yi tayin ƙarya ba, ya sa hannu. Yana ci tana zaune tana yi masa fifita da murfin kwali, tana zuba.

"Ku mutanen nan, ba ku faɗi abin da ke damun ku. Kai da yaro naka duka ɗaya. Ranar da ya zo kama ɗaki, ya ce bari ya gwada gado, ko zai yi wa Baba daɗi. Ya kwanta, da takalmi a ƙafa. Kafin na juya, barci! Na tashe shi da ƙyar. Ya ce in yi haƙuri, tun da ya zo Ikko bai kwana a gado ba. Rumfan kasuwa yake kwana, kan buhun albasa. In ruwa ya zo, ya tashi tsaye."

Lomar da ke hannun Baba Nuhu ta tsaya a hanya. Ya mayar da ita cikin faranti. Ashe ba gida aka hana shi gani ba, gidan ne babu. Shekara da shekaru yana tambayar yaron lafiya da kasuwa, yaron yana cewa alhamdu lillahi, shi kuma yana cewa to. Bai taɓa matsawa ba. Kunya ta kama shi, irin wadda ba a rufe ta da dariya, ya ji tausayin ɗansa ya cika masa zuciya.

Zayyanu ya iso bayan azahar. Yanzu ne uban ya dube shi da kyau: idanu ja wur, wuya duk cizon sauro, rigar mai guga ce amma ta yi masa yawa, da gani ta aro ce. Warin albasa kuwa ya shige fatarsa. Ya durƙusa zai fara dogon ban haƙuri, uban ya katse shi.

"Ɗakin ga, na wane ne?"

"Naka na, Baba, har gobe."

"To madalla. Ni ad da gida ke nan, kai baƙona na. Cire takalmi ka hau gadon ga."

"Haba Baba, kana ƙasa ni ina bisa? Wallahi ban iyawa."

"Baƙo ba shi gardama da mai gida. Hau."

Ya hau a ɗarare, ya zauna a bakin katifa. Baba Nuhu ya leƙa matakala, ya buɗe murya yadda aka koya masa: "Mama Senami! Kawo!" Aka kawo. Ya karɓi farantin da hannunsa ya ajiye a gaban ɗansa.

"Baba, na ƙoshi."

"Na san wagga magana. Ni nik kawo ta, kuma ta kusa kashe ni. Ci."

Zayyanu ya ci, kansa a sunkuye. Can ya gane an faɗa wa uban komai, hawaye suka fara ɗiga cikin shinkafar. Da ya gama ya jingina da bango wai zai ɗan huta, kafin a kwashe faranti har ya yi nisa cikin barci.

Sun dawo Lambara tare a wannan karon, Zayyanu ya yi sati biyu yana cin tuwon uwarsa, sannan ya koma, bayan uban ya haɗa shi da wani direba cikin tsofaffin baƙin zauren, wanda ke da ɗaki kusa da kasuwar. Tukur har yau bai daina tsiya ba. In baƙo ya zo sai ya nuna Baba Nuhu ya ce ga mutumin da ya yi azumin nafila a otal ba da niyya ba. Shi kuwa ba ya musu, shi ke ƙara wa labarin gishiri, ya kwaikwayi "to" ɗin Mama Senami, ya nuna yadda matakala ta yi ta juyawa da shi.

Wuri ɗaya ne kawai dariyar ke tsayawa. In ya kai kan yammacin nan, sai muryarsa ta sauka. Ya ce ya ja tabarmarsa ya zauna a gefen gado, fanka tana kuka, teku tana ruri, yana korar ƙuda daga fuskar ɗansa, ƙaton namiji mai gemu.

"Tun da nike saukar da baƙi," yakan ce, "ban taɓa ganin wanda yay yi barci irin na wanga ba. La'asar tay yi, na tashi in tada shi salla, na kai hannu har sau biyu. Allah shi gahwarta mini, sai nib bar shi ya ƙara kaɗan."