Atika Mai Tuwo da Babban Yatsan Isyaku

Atika ba ta taɓa zama a aji ba, amma a Sharada an fi shakkar bakinta a kan na lauya mai baƙar riga. Tuwon dawa take sayarwa a wata rumfa daf da ƙofar wani kamfanin fata, tun shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, tukwane biyu, da rediyo da aka ɗaure wa ciki da roba. Takan ce a gadon nan kaf rediyon ya fi amfani, don ko marigayin, Allah ya jiƙansa, bai taɓa gaya mata magana mai ma'ana sau uku a rana ba.

Ba ruwanta da waƙoƙi. Labarin kotu take so, da na sabuwar doka, da na kwamitin bincike. Idan Ishaya akawun kamfani, mutumin Kafanchan, ya gama da jaridarsa, sai ya karanta mata shafin shari'a tukuna kafin ta hura wuta da ita. Leburori suka laƙa mata Iya Lauya. Da tsokana suka fara, suka wayi gari su ne ke kawo mata sammacinsu a aljihu.

Tana da doka ɗaya tata ta kanta, wadda ba soja ya kafa ba. Ba mai wanke hannunsa da kansa a rumfarta. Ita ke riƙe buta, ta zuba, ta duba, ta ce a ƙara sabulu. "Warin fata ba zai shiga miyata ba," in ji ta. "Ku kai wa matanku, su suka ce sun ji sun gani." Da haka ta san hannun kowane namiji a kamfanin fiye da yadda ta san fuskarsa.

A shekarar 1978 rediyo ya kawo labarin dokar filaye, cewa ƙasa ta koma hannun gwamnati. Gari ya ruɗe. Kowa da fassararsa, har da waɗanda ba su da ko makwancin akuya. Dillalai kuwa suka baza hanci wajen gonakin bakin gari, tsofaffin takardun ciniki suka yi ta fitowa, wasu tawadarsu ko bushewa ba ta gama yi ba.

Cikin waɗanda abin ya faɗa wa har da Isyaku, mutumin Zawaciki. Shekararsa shida a ramin da ake jiƙa fata cikin ruwan magani mai tsige gashi. Mutum ne shiru-shiru, irin wanda za a taka ya ce a gafarce shi. Gona ɗaya ya gada wurin mahaifinsa, ita ke ciyar da gidansa. Wani dillali, Alhaji Baffa, ya kai shi kotu da takarda cewa ya sayar masa da gonar shekara biyu da suka wuce, ga dangwale, ga shaidu biyu. Alƙali ya ba Isyaku mako guda ya kawo abin da zai rushe takardar, in ba haka ba gona ta tafi.

Washegari Isyaku ya zo rumfa ya zauna, bai miƙo hannu ba.

"Kai kuma azumin me kake yi a watan Safar?" in ji Atika.

Ya kwashe labari ya gaya mata.

"Ka ga dangwalen da idonka?"

"Na gani, Iya. Ras da shi, har zanen yatsan ana ƙirgawa."

Atika ta ajiye ludayi. "Har zane? Miƙo hannun nan."

Ta kama babban yatsansa ta juya shi wajen haske. Sumul yake kamar bayan cokali. Ruwan magani ya cinye zanen tuntuni, haka na duk mutanen ramin.

"Alƙali ya ga wannan?"

Isyaku ya sunkuyar da kai. "Haba Iya, gaban manya? Cikin riga na sa su. Kin ga yadda suka koɗe, ga wari."

"Sannu, amarya! Ka je kotu da shaidunka goma, ka rufe su cikin riga don kunya. Wallahi da wauta na hana cin tuwo, da na daɗe da rufe rumfar nan."

Ta san dillalin zai ce bayan ciniki yatsan ya goge, don rediyo ya koya mata cewa mai ƙarya ba ya rasa ƙofar baya. Sai ta tare Ishaya da ya zo cin nasa. "Ɗan Kafanchan, littafin nan da suke dangwala maka kowace safiya, kana ajiye tsofaffin?" Ya ce suna nan cikin kabad. Ta ce ya nemi izinin manaja ya ɗauko na shekara huɗu baya, in kuwa ya ƙi, daga yau miyarsa ba nama.

Ranar shari'a Atika ta rufe tukwanenta, abin da ko ranar sunan jikarta ba ta yi ba, ta yafa mayafi ta zauna a bencin baya. Alhaji Baffa ya iso da babbar riga tana ƙarar sitati. Aka kira Isyaku, aka tambaye shi hujja. Bawan Allah sai hannuwa suka fara komawa cikin riga.

Atika ta miƙe. "Allah ya gafarta Malam, a ba tsohuwa izinin kalma ɗaya."

"Ke wace ce a shari'ar nan?" in ji alƙali.

"Mai wanke masa hannu ce, shekara shida. A kawo tawada ya dangwala a gabanku."

Aka kawo. Isyaku ya dangwala, sai ga wani baƙin tabo kamar kashin kaza, ba zane ko ɗaya. Aka sake da na hagu, haka. Alhaji Baffa ya yi gyaran murya ya ce ai daga baya yatsan ya lalace. Kafin ya rufe baki Ishaya ya ɗora littattafai a gaban alƙali. Shafi bayan shafi, tun shekara biyu kafin ranar da ke jikin takardar, tabon nan ne dai a gaban sunan Isyaku.

Alƙali ya daɗe yana duban shaidun nan biyu. Sannan ya ce su ma su matso su gwada tawadar, a ga ko yatsan ɗayansu ne a jikin takardar. Ɗayansu ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi komai ba.

Gona ta zauna wa mai ita. Da kaka Isyaku ya turo keke har rumfa da damin dawa biyu, yana ta jero godiya. Atika ta murza ƙwayar a tafinta, ta ce ba laifi, ko da yake ta ga wadda ta fi ta. Ya kai hannu zai ɗauki malmala don murna, ta make shi da ludayi.

"Don ka ci shari'a? Miƙo su nan. Ƙara sabulu."