Jan da ya fito a Dogon Kiriya

Har gobe ban manta ranar da shugabarmu, Madam Hadiza, ta kira ni biro, wato ofis, ta nuna mini ɗigon ja a kan allo ta ce, "Malam Laminu, wannan mutum ya gama aiki da mu." Ku da kuka shigo kwanan nan, bari in ba ku labarin.

Lokacin ina jami'in bin diddigin aiki a wata ƙungiya mai kula da lafiyar dabbobi, cibiyarta a Dogon Dutsi. Muna da reshe biyu, ɗaya a Dogon Kiriya, ɗaya a Geceme. Masu ba mu tallafi suka kawo sabon tsarin auna aiki, muna ce masa tablo. Fuska huɗu gare shi. Akwai ta kuɗi, akwai ta mutanen da muke yi wa aiki, wato ko sun gamsu. Ta uku ita ce yadda aikin yake tafiya a ciki, misali ko allurar rigakafi ta kai wurin dabba da sanyinta. Ta ƙarshe kuma ko ma'aikaci yana ƙaruwa da sani. Kowace fuska ana ba ta launi: tsanwa, ɗorawa ko ja. Ni dai tsarin ya burge ni, don da can kuɗi kawai ake dubawa. Sai dai akwai doka guda mai zafi: wanda ya samu ja a fuskar gamsuwar mutane, ba a sabunta masa kwantaragi.

Jan nan kuwa a kan Namata ya faɗa, jami'inmu na Dogon Kiriya, magidanci mai 'ya'ya a lakwal, wato makarantar boko. Ɗaliban da muka ɗauko daga Yamai lokacin hutu su ne suka zagaya rugage da tambayoyi, kuma ni da kaina na gargaɗe su: abin da makiyayi ya faɗa shi za su rubuta, ban da fassara. Abin da suka kawo a kan Namata ba ya karantuwa a gaban mutane. Wai ɓarawon nono ne, bai san kan allura daga gindinta ba, a zo a ɗauke shi. Asumane kuwa, jami'inmu na Geceme, mutumin Tawa, kowa cewa yake, "Sai godiya, mutumin kirki ne."

Abin ya tsaya mini a rai. Sauran fuskoki uku na Namata tsanwa ne shar. Makiyaya daga nesa suke koro masa shanu, har maganin da muke aika masa ba ya isa. Asumane mai shan yabo kuwa, maganinsa yana lalacewa a firji. Na ce wa Madam, "To ni abin da ban gane ba, wa zai kai saniyarsa wurin wanda ya tsana? Bafulatani fa!"

Ta ce, "Doka ce, Malam Laminu. Ba ni na rubuta ta ba."

Na ce, "Tablo ɗin nan an ce mana fuskokinsa tare ake karantawa. Uku sun ce e, ɗaya ta ce a'a. Ki ba ni dama in je in gani."

Ta yarda, amma ta ce ran Litinin takardar sallamarsa za ta tafi Yamai wurin masu ba mu tallafi, ko na dawo ko ban dawo ba.

Na hau moto, wato babur, na bar kwalta na shiga yashi. Na tarar da Namata a shingen allura, ƙafarsa duk kashin shanu. Bai san komai ba tukuna, ni kuma na kasa faɗa masa. Na ce ya raka ni wurin Ardo Bube, shugaban makiyayan yankin.

Tun daga nesa tsohon ya ɗaga sanda. "Kai! Wa ya kawo min bawan nan? Ku ɓoye ƙwaryar nono, Ba'are ya zo!"

Namata ko a jikinsa. Ya ce, "Tsoho, ba ka mutu ba har yanzu? Tashi ka gaishe da ubangidanka."

Suka rungume juna, matan ruga suna ta dariya. Ni kuwa na tsaya baki buɗe kamar sakarai. Namata Ba'are ne, Fulani da Arawa kuwa taubasai ne, wasa ne tsakaninsu tun kakanni, kuma zagin nan shi ne gaisuwarsu. Wa bai san haka ba a ƙasar nan? Amma ni Bakatsinen Maraɗi, a biro launi kawai nake gani, ban taɓa haɗa Namata da kasancewarsa Ba'are ba. Ɗaliban kuma ba su taɓa ganin Namata ba ma.

Muka zauna, aka kawo fura. Na ce, "Baba Ardo, maganar da kuka faɗa wa yaran nan ta isa wurin manya. Za a sallami Namata daga aiki."

Ya yi dariya. Da ya ga ban yi ba, sai dariyar ta tsaya. Namata ya ajiye ludayi.

Ardo ya ce, "Don mun ce ɓarawo ne? To mi za mu ce? Ba'are ne fa."

Na ce, "Gaskiya nake so, Baba, wadda zan kai."

Tsohon ya daɗe yana tonon ƙasa da sandarsa. Wallahi na tausaya masa, don na ga abin da na roƙa ya fi ƙarfin bakinsa. Can ya dubi Namata ya daka masa tsawa: "Kai, tashi ka duba min maraƙin can, zaman mi kake yi cikin manya?"

Sai da Namata ya yi nisa sannan Ardo ya rage murya. "Ɗana, shekarar da ciwon huhu ya shigo garkena, yaron ga bai bar mu ba sai da saniya ta ƙarshe ta miƙe. Ko ɗan da na haifa iyakar abin da zai yi ke nan. In kun ɗauke shi, ba mai taɓa mana saniya." Ya kama hannuna. "Amma ka rantse ba ka faɗa mishi. In ya ji, na shiga uku da bakinshi."

Na tambaye shi yadda aka yi 'yan'uwansu na Geceme suke yabon Asumane. Ya ce, "Baƙo ne. Mi za ka ce ma baƙo in ba sai godiya ba?"

Madam ta saurare ni, ta riƙe takardar, ta kira Yamai. Aka yarda a sake zagayen da tambaya ɗaya sabuwa: in saniyarka ta kwanta, wa za ka kira? A Dogon Kiriya suna ɗaya aka yi ta ji, da zagi a gabansa da bayansa. A Geceme yawanci sun ce mai maganin kasuwa, don Asumane ba ya fita ruga. Ashe matsalarmu can take, ƙarƙashin tsanwa. Aka sabunta wa Namata kwantaragi, aka tura Asumane ya yi wata guda yana bin sa.

Tablo bai yi ƙarya ba, shi ne ma ya nuna mini akwai abin dubawa. Amma tun daga nan, in fuska ɗaya ta saɓa wa sauran, ba na sa hannu sai na je na zauna da mutanen. Kuma na fi tsoron "sai godiya" a kan zagi.

Ran nan da muka je wurin Ardo, a hanyar dawowa, Namata yana bayana a moto. Can ya ce, "Malam Laminu, don Allah mi tsohon ya ce bayan na tashi?"

Na ce, "Ya ce kai ɓarawon nono ne."

Na ji ya sauke numfashi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Da na ga ya yi shiru, na zaci na yi mishi wani laifi."