Ranar da Na Nemo wa Kaka Zara

Albashina bai taɓa kai ni ƙarshen wata ba, amma sai da na sayi madubin hangen taurari. A ofishinmu na Gusau an yi mini dariya har ta ishe ni. Ko a jikina. Ranar Juma'a na ɗaure kwalin a bayan babur na nufi ƙauyenmu Karakkai, ina tuƙi ina murmushi ni kaɗai.

Saboda kakata na saye shi. Muna yara ita ke nuna mana tauraruwar nan mai haske ta yamma, ta ce ga Zara matar wata. Yanzu yanar ido ta rufe mata na hagu, na dama ma yana bin sawu. Shi wata, tana ganin farinsa dishi-dishi, amma Zara ta ɓace mata. Ranar da ta faɗa mini haka a cikin hira, kamar ba komai ba, abin ya tsaya mini a rai.

Da na kafa bututun madubin kan ƙafafunsa uku a bayan gida, ta fito tana dogara sanda. Tun ina ƙarami maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, wanga turmi hwa? Kuɗin cefanena kab batar?"

"Amarya na sayo da su," na ce. "Yau za ki gan ta."

A saman bututun akwai wani ɗan gilashi. In ka kunna shi ka leƙa ta baya, sai ka ga jan ɗigo kamar yana manne a sararin sama. Shi ne ɗan jagora, domin babban madubin ɗan wuri kaɗan yake gani, neman tauraro da shi kai tsaye wahala ce. Amma sai an saita su sun zama baki ɗaya. Da rana ake yi: ka nemi abu mai nisa ka sa shi tsakiyar madubin, sannan ka murɗa 'yan sukurori biyu har ɗigon ya hau kan abin.

Na zaɓi kan wata giginya can bakin fadama. A madubin ta fito ƙafa sama kai ƙasa, har da gauraka a kanta. Na yi ihu kamar yaro. Na murɗa, na murɗa, ɗigo ya zauna daram kan giginya. Na kashe shi na shiga gida ina taƙama, na ci tuwo har da ƙari.

Ana sallame Magariba na dawo da gudu. Ga jinjirin wata, ga Zara a ƙasa da shi tana walƙiya. Matan gida sun shimfiɗa wa Kaka tabarma. Na ɗora jan ɗigo a kan Zara, na sa ido a madubi.

Babu komai. Duhu kawai.

Na sake. Na goge gilashi da bakin riga. Gumi ya keto mini. Can na tuna cewa giginyoyin fadamar nan a jere suke, kuma duk kamarsu ɗaya. Ashe madubin na kallon wata giginya, ni kuwa na saita ɗigon a kan maƙwabciyarta. Yanzu duhu ya shanye su duka, Zara kuma sai sauka take yi wajen kukar maƙwabta. Haushi ya kama ni, har na daka wa wata akuya tsawa ba ta yi mini komai ba.

"Ina amaryar?" in ji Kaka.

"Ta ƙi fitowa."

"Yo dole ta ƙiya. Wa kat taɓa gani ya hwaɗa ma matar aure bai yi sallama da mijinta ba?"

Mata suka kwashe da dariya. Ni kuwa tsalle na yi, don wata dai guda ne, ba ya da maƙwabci mai kama da shi. Na kwantar da kumatuna a jikin bututun na bi tsawonsa da ido, na lallaɓa har hasken wata ya cika madubin. Na murɗa sukurorin, ɗigo ya tako a hankali ya hau kan wata. Daga nan na sunkuyar da bututun, ja ya hau kan Zara. Na leƙa.

"Ga ta! Wallahi ga ta! Kaka, taso!"

Na riƙo ta, na kai idonta na dama bakin madubin. Ban gaya mata abin da na gani ba, don ni ma ban gama gaskatawa ba. Ta daɗe a sunkuye.

"Wanga ai wata na," ta ce. "Ka ruɗe ni."

"Wata yana can sama. Wannan Zara ce. Haka take, lauje ce ita ma, ƙanƙanta ce ke ɓoye mana."

Ta koma ta sake leƙawa. Dariyar mata ta ɗauke. Da ta ɗago, idon ya jiƙe, muryarta kuma ta yi ƙasa.

"Zaman aurensu na yay yi zama," ta ce. "Ni ma kahin kakanka ya rasu, cewa aka mun koma kama guda."

Ta sake sunkuyawa, ni kuma na dinga matsa mata bututun kaɗan-kaɗan, har kukar ta rufe Zara.