Ama Ting Su-lan, Mai Sharar Kabari A Cikin Jirgi

Da safiyar Talata, tara ga watan Satumba, Ama Ting Su-lan ta rasu a ɗakinta da ke layinmu na bayan haikali. Ba kakata ba ce ta jini, amma duk yaran layin Ama muke ce mata, wato kaka. Malamar ajinmu ce ta ce in yi rubutu a kanta don jaridar makaranta. Kowa ya san ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai an kira sunana. Wannan karon ina da abin faɗa, kuma ba duka ne mai daɗin ji ba.

Ama, tun da na yi wayo a bakin ƙofarki nake ganinki, da 'yar wuƙarki, kina ɓare katantanwar teku kina zubawa a roba. Ƙofar nan ta gajarce saboda yawan cikon da kika yi wa daɓe don gudun ruwa. Duk sanda na buga goshi sai ki ce, "Sunkuya, 'yar boko. Gidan nan har ɗan majalisa sai ya rusuna." Shekarar da ruwan gishiri ya shiga gidanmu ya jiƙa littattafaina, ina kuka a lungu, ke kika kwashe su kika busar shafi-shafi a kan murfin tukunya. Kika soya min wainar ƙwai da katantanwa, ba ki tambaye ni komai ba.

Baƙi suna cewa teku ya taso mana. Teku bai taso ba, mu ne muka sauka muka same shi. Masu tafkunan kiwon kifi sun huda ƙasar nan da rijiyoyin burtsatse, injina suna zuƙar ruwan daɗi ba hutu, ƙasa tana lotsawa kamar tsohuwar katifa. Ruwan kogin da aka yi alkawarin jawo musu don su rufe rijiyoyin, masana'antu aka karkata wa. Gonakin shinkafa suka fara tafiya, sai hanyar gabas, sai maƙabarta.

Abu ɗaya kika roƙa a duniya: a tsince ƙasusuwan mijinki, Akong Wan-fu, a wanke su a sa a tulu kamar yadda ake yi wa kowa, a kai shi tudu inda za ki same shi. Da lokacin tsincewar ya yi, sai aka tarar kabarin yana cikin ruwa.

Ranar sharar kaburbura ta shekara-shekara, mutanen wasu garuruwa da tsintsiya da lauje suke fita. Ni da ke jirgin gora muke hawa, ina tuƙi. Kan dutsen kabarin ne kawai yake leƙowa. Ki goge masa gansakuka da hannu, ki danne takarda mai launi da ɓawon katantanwa, ki kunna turare, ki ce, "Tsoho, kai da sai an yi faɗa kake wanka, ga shi ka samu na dindindin." Ki yi dariya, sannan mu juyo gaɓa.

Mai tsince ƙashi ya ce ba ya tono a cikin ruwa. Amma in aka kewaye wurin da buhunan yashi, aka janye ruwan na yini guda, zai yi aikinsa. Injin jan ruwa kawai ake nema, a garin da ƙarar injina ke hana mu jin juna. Na raka ki wurin Kawu Wu Kuo-hsiung, wanda tafkunansa suka yi iyaka da maƙabartar, wanda kika goya yana jariri.

Ya ce, "Inna, a yi haƙuri a kwashe kifi tukuna. In na ɗauke inji yini guda, kifin nan ba zai kai yamma ba."

Kika ce, "Na sani, ɗan nan. Kifinka yana numfashi. Tsohona ya daina, shi ya sa ba ya sauri ko?"

Ya yi dariya, ya ba ki kifi a leda. Aka kwashe kifin, ya zuba sababbi. Muka je ofishin gunduma, suka ce maganar ruwa ce, mu je wa masu ruwa. Masu ruwa suka ce maganar maƙabarta ce.

Bana da muka je, babu dutsen. Kika karɓi gorar tuƙi kina caccakar ruwa har ta daki abu mai tauri. A nan muka kafa wata gora, kika yage bakin ɗankwalinki ja kika ɗaura a sama. Ranar ba ki tsokani Akong ba. Cewa kika yi, "Ka ƙara haƙuri." Ban sake jin dariyarki ba.

Ranar jana'izarki, furen da ya fi kowanne girma na ƙungiyar masu kiwon kifi ne, da sunayensu cikin ruwan zinare. Na tsaya a gabansa ina kallo. Mutum biyu ne suka sauke shi daga mota, motar da ke ɗaukar injinansu. Ashe tana iya zuwa layinmu.

Bayan an ƙone gawarki bisa al'ada, an kai tokarki hasumiyar ajiye tulunan mamata da ke kan tudu. Gurbin da ke hagunki, na Akong, babu kowa.

Kawu Wu, da ku sauran masu rijiyoyi, na girme yi muku rashin kunya, kuma kun girme ni. Amma kwanakin makoki ba su cika ba, da sauran lokacin cika wa Ama burinta. Ɗanta Kawu Ming-tsai ya ce zai kawo yashi, samarin haikali za su ɗauka, mai tsince ƙashi yana nan da ransa. Saura inji. Kada wanda ya sake ce min a jira kwasar kifi.

Ama, Mai Sama ya ji ƙanki, ya haskaka miki hanya, ya sauke ki inda ƙasa ba ta lotsawa. Ya gafarta miki, ya haɗa ki da tsohonki a busasshen wuri. Ina miƙa ta'aziyya ga ɗanki Kawu Ming-tsai, da 'yarki Gwaggo Li-chuan, da jikokinki, da dukanmu da muka ci daga tukunyarki. Mai Sama ya ba mu haƙurin rashinki, amma kada ya ba mu haƙurin abin da aka yi miki.

Jiya na tuƙa jirgin ni kaɗai na je na duba. Gorar tana nan. Tsakanin jan ƙyallen da ruwa bai fi tafin hannuna ba.