Yatsun mutumin Rogo a ƙafar jikata

Shekarun baya can, lokacin ina da sauran haƙoran tauna ƙashi, ɗana ya auri 'yar abokina, wani mutumin Rogo da muka yi samartaka tare a kasuwar gyaɗa. Allah ya ba su 'ya mace, jikata ta fari. Tun kafin suna na cika Karaye da labarin cewa ni ta ɗebo, musamman hancin.

Ranar suna abokina ya sauka daga acaɓa, aka miƙa masa jaririya. Ko kallon hancin bai yi ba. Zani ya ɗaga ya leƙa ƙafarta, sai ya tuntsire da dariya, ya tuɓe takalminsa a gaban jama'a. Yatsu biyu na ƙafarsa ta hagu a manne suke, da ma agwagwa muke ce masa tun muna samari. Ashe nata ma haka, ƙafar hagu, yatsun nan biyu.

Ya ce, "To mai hanci, kowa a Karaye yana da hanci. Nuna mana taka shaidar."

Wallahi don haushi ko tuwon sunan nan ban ci ba. Da yarinya ta fara wayo, in ya zo sai su jera ƙafafu a kan tabarma, yana cewa, "Amaryata, mu biyu ne kaɗai a duniya." Ni angon gida ina gefe kamar ɗan rakiya.

Sai na ƙirƙiro tausayi. Na ce wa ɗana a kai ta asibiti a raba yatsun, kada ta girma ana yi mata dariya. Na bi su. Shi ma agwagwan ya biyo mu.

Likita ta duba ta ce, "Baba, ai kowa a cikin mahaifiyarsa haka yake farawa, yatsu a haɗe. Sai ƙwayoyin naman da ke tsakani su mutu da kansu a lokacin da Allah ya tsara musu, yatsu su rabu. Nata wasu ne ba su mutu ba. Ba ciwo ba ne, ba zai hana ta gudu ba. Ni ba zan sa mata wuƙa ba."

Ni da aji biyu na yi na gudu, abin da ya zo bakina shi na faɗa: "To likita, in ba a raba nata, ana iya ɗinke nawa?" Har mai shara sai da ta jingina tsintsiya ta yi dariya.

Daga baya ciwon daji ya kama abokin nawa. Aka ce shi ma wasu ƙwayoyi ne lokacinsu ya yi suka ƙi mutuwa, suka yi ta yaɗuwa. Na je duba shi, ya rame sai idanu. Ya ce, "Ka ji ko? Naman jikina taurin kai gare shi, kamar kai, surukina. Ka riƙe min amarya, amma ka sani aro na ba ka." Allah ya jiƙansa.

Yanzu ta zama budurwa. In ta tuɓe takalmi za ta gaishe ni, ƙafar nake fara kalla in yi masa addu'a. Ina shafawa sai haushin ya dawo: mutum yana kwance a Rogo, amma kullum da ƙafarsa yake shigo min gida.

Hancin kuwa, da ta girma na duba da kyau. Ashe shi ma nasa ne.